Littafin aiki: auna hasken W Ursae Majoris daga saman bene a Jos

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Na tsai da shawara a kan tauraron da zan bi a wannan hunturun, wato W Ursae Majoris. Ido ba ya ganinsa, a hoto kuma ɗigo ɗaya ne, amma taurari biyu ne da ke zagaya juna cikin awa 8 kacal. Duk lokacin da ɗaya ya gitta gaban ɗan'uwansa sai hasken da ke iso mana ya ragu. A ma'aunin masana taurari, wanda lambarsa ke hawa idan haske ya ragu, yana kai-komo tsakanin 7.75 da 8.48. Ratar 0.75 a wannan ma'auni rabin haske ce, ke nan kusan rabin haskensa ke tafiya ya dawo, sau biyu a kowane zagaye.

Da farko tauraron Algol na so, don shi ana ganin dusashewarsa da ido, kuma tun 1783 John Goodricke ya ce wani abu ne ke gitta masa. Sai dai zagayensa kwana 2 ne da awa 20 da minti 49, husufinsa kaɗai yana cin kusan awa 10. Mai shiga aji da safe ba zai iya wannan jiran ba. W Ursae Majoris kuwa dare ɗaya mai kyau zai iya nuna maka labarinsa kusan duka.

Kayan da ke hannu: tsohuwar kyamarata Canon, ƙafafunta uku, da laftof. Yau na sayo gilashin kyamara na hannu mai milimita 135 a wajen Terminus, naira 45,000, da na'urar da ke danna kyamara da kanta bayan kowane lokacin da aka saita mata, naira 15,000. Manhajojin duk kyauta ne: Muniwin don auna haske, VStar don zane da neman tsawon zagaye. Taswirar wurin da taurarin gwaji, wato masu tsayayyen haske da ake kwatanta nasa da su, daga AAVSO na samo, ƙungiyar masu lura da taurari masu canza haske da aka kafa a Amurka a 1911.

Asabar, 21 ga Disamba

Kafin in fara hawa bene da tsakar dare da abu mai kama da bututu, na je wajen mai unguwarmu a nan Rikkos. A garin nan wannan ba abin da ake tsallakewa ba ne. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, “Malam, taurarin ma har aunawa ake yi?” Na ce, “Ranka ya daɗe, haskensu ake aunawa, kuma duk wanda ke son gani ƙofa a buɗe take.” Ya sa aka sanar da 'yan sintiri, ya kuma ce kada in haska tocila cikin gidajen mutane. Dama jar fitila nake amfani da ita don kada ido ya rasa sabonsa da duhu.

Na gano tauraron bayan ƙarfe ɗaya na dare. Yana yamma da taurari bakwai ɗin nan na arewa da malamanmu suka sani da Banatu Na'ash, kusan tsakiyar layin da ya haɗa taurarin Upsilon da Theta na ƙungiyar taurarin Ursa Major. Dukansu biyu suna shiga hoto ɗaya idan na daidaita kyamarar da tsawonta.

Lahadi, 29 ga Disamba

Babu wata, sama garau, sanyi kamar me. Awon farko bai yi kyau ba, kuma dalilan a fili suke.

Kyamarar a tsaye take, sama kuwa tafiya take yi. A wannan sashe na sama tauraro yana matsawa sama da digiri 8 a awa, don haka ba na iya buɗe kyamarar fiye da daƙiƙa 5 ba tare da ɗigon ya zama layi ba. A cikin daƙiƙa 5 ƙyaftawar da iska ke sa tauraro yana yi ba ta lafa ba, sai awo ya riƙa tsalle. Na haɗa hotuna goma-goma, abin ya ɗan daidaita, ana ganin haske yana sauka yana hawa, amma ɗigogin sun watsu da kusan 0.08. Ga sake saita kyamara kowane kwata, kuma duk saitawa tana ajiye tauraron a wani gefen gilashi daban.

Na biyu batir. Sanyin Jos a ƙarshen Disamba, wanda wani dare yakan sauka ƙasa da digiri 10, ya cinye shi kafin awa biyu. Ya mutu ana tsakiyar saukar haske.

Abin yi: na'urar da za ta juya kyamara tare da sama, da hanyar ba kyamarar wuta daga babban batirin cajin waya.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na'urar juya kyamara ta kanti ta fi ƙarfin aljihuna, don haka haɗawa zan yi. Katako biyu ne, a haɗa su da ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa, sai dogon noti da ke ɗaga na sama a hankali. Sama tana cika zagaye cikin awa 23 da minti 56, wato kwatan digiri a minti. Notin M6 yana ɗaga milimita 1 a kowane juyi, to idan zai yi juyi ɗaya a minti, sai a huda raminsa milimita 228.6 daga tsakiyar ƙarfen ƙyauren.

Kafintan layinmu ya auna da tef ɗinsa ya ce 23 ne a santimita. Na ce, “Maigida, a yi haƙuri a rage milimita ɗaya da rabi.” Ya dube ni, ya ɗauko fensir ya fiƙe shi sosai, ya sake ja layi. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai, ko ɗan girgiɗi babu a haɗin. Katako da aiki naira 10,000, noti da ƙarfe 4,000, ƙaramin injin da zai juya notin da allon Arduino mai sarrafa shi 20,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Na'urar tana juyawa, amma sai ƙarfen ƙyauren ya dubi tsakiyar juyawar sama daidai, kusa da Polaris, tauraron arewa. A ƙasashen Turai yana can sama. A Jos, da muke kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, digiri 10 kawai ya ɗaga daga ƙasa, inda hazo ya fi kauri, inda kuma hasken gari ta wajen Naraguta yake taruwa. Tun Talata ban gan shi ba.

Hanyar da ta yi aiki ita ce ta lura da zamewa. Na saita da kamfas ɗin waya da ma'aunin kusurwa na 'yan makaranta, sannan na riƙa ɗaukar dogon hoto ina duba inda taurari ke zamewa, ina cusa siraran kwali ƙarƙashin ƙafa har layin ya koma ɗigo. Da ya zauna, na zana wurin ƙafafun uku a siminti da fenti.

Wayar wutar kyamara da na yi oda ta intanet ta iso, kyamarar ta ƙi ta. Naira 12,000 sun tafi, mai sayarwa ya daina amsa saƙo. Na sake sayen wata a gari, 18,000, wannan karon sai da aka gwada a gabana.

Asabar, 18 ga Janairu

Hazo duk mako. Ko Dutsen Shere ba a gani da rana. Ban hau ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Alhamdu lillahi. Iska ta kwanta, ƙura ta sauka, an kuma ɗauke wuta a unguwa tun sha ɗaya, sama ta yi baƙi ƙirin. Na buɗe kyamarar daƙiƙa 20 a kowane hoto, na ɗan kauce wa saitin gilashi da gangan don hasken tauraron ya bazu a kan ɗigogin kyamara da yawa. Koren sashe na hoton kaɗai nake aunawa, shi ya fi kusa da ma'aunin V da masana ke amfani da shi. Notin yakan fara kauce wa lissafi bayan kamar minti ashirin, sai in mai da shi farko. Watsuwar ɗigogi ta sauko kusan 0.02.

Na daɗe ina kallon zanen hawa da saukar haske da ya fito. Kwari ɗaya cikakke, da tudu a bayansa, kuma babu inda layin ya miƙe ya huta. A zanen Algol, tsakanin husufi da husufi haske kusan a tsaye yake, don taurarinsa a rabe suke. A nan kuwa da haske ya gama hawa sai ya kama sauka. Dalili shi ne taurarin biyu sun matsu har jikinsu ya haɗu, sun zama kamar gyaɗa mai ƙwaya biyu cikin ɓawo ɗaya. Idan suka ba mu gefe muna ganin faɗinsu duka, wannan ne tudu. Idan suka ba mu kai, ɗaya ya tare ɗaya, wannan ne kwari. Tsakanin nan kuwa faɗin da muke gani kullum canzawa yake.

Leon Lucy ne ya bayyana a 1968 cewa lulluɓin iskar gas ɗaya ya rufe su, kuma zafi yana ratsawa ta cikinsa daga babban zuwa ƙaramin. Shi ya sa, ko da yake nauyin ƙaramin kusan rabin na babban ne, zafin fuskarsu kusan ɗaya ne, kwarin biyu kuma zurfinsu ya yi kusa da juna. Ɗigo ɗaya ne a nisan da haske ke yi wa tafiyar kusan shekara 170, babu madubin da zai raba maka su biyu, amma hawa da saukar haske sun faɗi siffarsu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Makon nan na ba agogo. Zane mai kyau yana faranta rai, amma abin da wani zai iya amfana da shi bayan shekara hamsin shi ne lokacin da haske ya kai ƙarshen kwari, daidai da minti. Da waɗannan lokutan ake gane ko zagayen yana ƙaruwa ko raguwa, wato ko abu yana kwarara daga wannan tauraron zuwa wancan, ko akwai na uku da ke jan su.

Na gwada agogon kyamarar da agogon intanet, na ga yana gudu da 'yan daƙiƙoƙi a mako. Yanzu hoton farko da na ƙarshe a kowane dare na fuskar waya ne tana nuna sahihin lokaci. Daga nan a cire awa ɗaya daga lokacin Najeriya a koma lokacin duniya, sannan a mai da shi lissafin kwanakin Julian, wanda kwanansa ke farawa da tsakar rana, ba tsakar dare ba. Sai gyara na ƙarshe: haske yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 19 daga rana zuwa duniya, don haka gwargwadon inda muke a zagayenmu na shekara, hasken tauraro yakan iso mu da wuri ko a makare. Ana mai da kowane lokaci kamar a tsakiyar rana aka auna. Ga wannan tauraron na lissafa gyaran ya haura minti 6 a ƙarshen Janairu, zai sauko kusan 3 a ƙarshen Maris. Wanda ya bar shi zai ga zagaye yana canzawa alhali duniya ce ta matsa.

Ba ƙaramin abu ba ne. A farkon 2017 Larry Molnar ya sanar cewa taurari biyun KIC 9832227, masu zagayen kusan awa 11, za su haɗe su fashe wajen 2022 har a gani da ido. A 2018 wasu masana a San Diego suka bi tsofaffin bayanan, aka gano cewa wani lokaci na 1999 da lissafin ya dogara a kai ya kauce da awa 12 saboda kuskuren rubutu. Molnar ya amince, hasashen ya faɗi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na zuba duk dararen da ke hannu cikin VStar, sai ya ce zagaye awa 4 ne. Haka manhaja takan yi idan kwari biyu suka yi kama, sai ta ɗauke su ɗaya. Gustav Müller da Paul Kempf ma, da suka gano canjin haskensa a Potsdam ta Jamus a 1903, awa 4 suka ba shi. Da na ninka zagayen biyu, kwarin suka rabu, ɗaya ya ɗan fi zurfi da abin da bai kai 0.1 ba.

Wata matsala ta fito. Zagayen awa 8 ne da kusan daƙiƙa 26, uku ke nan sun zama awa 24 da minti 1 da daƙiƙa 19. Kowane dare, a lokaci ɗaya na agogo, kusan sashe ɗaya na zanen kake samu, giɓin da ka bari jiya yana nan yau. Daga Jos tauraron ba ya wuce digiri 44 a sama, kuma awa shida da rabi kawai yake yi sama da digiri 30. In ana son zagaye duka a dare ɗaya sai an bi shi har digiri 25 ta gabas da ta yamma, kuma sai lokacin da yake kaiwa ƙololuwa da tsakar dare. Lissafina ya nuna makon ƙarshe na watan nan.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Wata ya cika, yana kusan digiri 40 daga tauraron. Ban auna ba. Na goge gilashi, na sake hotunan gyara: na duhu da murfi a rufe, na fari kuma da farar riga a bakin gilashi ana duban sama bayan faɗuwar rana. Ƙurar hunturu ta bar zobe-zobe a hoto. Daga yanzu kowane dare da nasa hotunan farin.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jiya muka yi daren da nake jira. Ɗan yayata da ke aji biyar na sakandare ya kwana a nan don ya taya ni mai da noti. Mun fara bayan isha'i, takwas da 'yan mintoci, muka tashi wajen huɗu na asuba. Flas biyu na shayi, bargo, hula da safa.

Wajen sha ɗaya maƙwabcinmu na arewa ya kunna sabuwar fitilar sola da ya kafa a katanga, haskenta ya faɗo kai tsaye a gilashi. Bayan hoton ya yi fari, ɗigogi suka fara tsalle. Yaron ya ce, “Kawu, in sauka in roƙe shi ya kashe?” Na ce a'a, mutum ya sa fitila don tsaron gidansa, ba za a tashe shi da dare a kan wannan ba. Muka yanka kwalin taliya muka naɗa bututu a bakin gilashi, muka rataya tabarma a igiyar shanya ta tare hasken. Mun rasa kusan minti ashirin a kan hawan tudu.

Sauran ya samu: kwari biyu, tudu biyu. Awa ta farko da ta ƙarshe sun fi watsuwa, don a digiri 25 haske yana ratsa iskar da ta ninka ta tsakar sama kusan sau biyu da rabi, kuma hazon ƙasa ba shimfiɗe yake daidai ba. Tauraron shaida, wanda nake aunawa don in tabbatar na gwajin bai motsa ba, shi ma ya yi rawa a waɗannan awannin, saboda haka ba zan dogara da su ba.

Tudun biyu kamar ɗaya ya ɗan fi ɗaya. An san wannan a irin waɗannan taurari tun aikin Daniel O'Connell na 1951, kuma galibi ana danganta shi da manyan tabo masu sanyi a fuskar tauraro, irin na rana. Amma ɗaya daga cikin tudun nawa ya faɗo lokacin da tauraron ya yi ƙasa, bambancin kuma bai fi watsuwar awona ba. Ba zan rubuta cewa na gan shi ba.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar. Bayan tarawihi nake hawa, in sauko wajen biyu, in ɗan runtsa kafin sahur. Kwari ɗaya mai kyau jiya.

Juma'a, 14 ga Maris

Husufin wata da asuba. A nan ya fara kama gefen wata bayan ƙarfe shida, gari ya riga ya waye, watan kuma yana dab da faɗuwa, sai ya nutse cikin hazon yamma. A aji na ɗauki wannan na shiga bayanin aikina, na raba wa ɗalibai zanen kwarin 2 ga Maris a takarda mai shara-shara. Kowa ya kwafi ɗigogin, ya kifa takardar a kan ta asali, ya riƙa matsawa har gangaren sauka ya hau kan gangaren hawa, sannan ya karanta tsakiya. Amsoshinsu ba su wuce minti biyu tsakanin juna ba. Abin da hanyar Kwee da van Woerden ta 1956 ke yi ke nan da lissafi, ita ce kuma manhaja ke amfani da ita. Wata ɗaliba ta tambaya, “Malam, wanne ne a gaba a kwari mai zurfin?” Babban ne. A irin wannan rukuni, da Binnendijk ya ware a 1970 ya kira nau'in W, ƙaramin ya ɗan fi zafi a fuska, don haka ɓoyuwarsa ta fi rage haske.

Asabar, 22 ga Maris

Na tace lokutan kwari. Duk wanda gangarensa ɗaya bai cika ba, ko ya faɗo ƙasa da digiri 30, na ajiye shi gefe. Waɗanda suka rage, daga ƙarshen Janairu zuwa makon nan, sun dace da juna cikin kusan minti ɗaya bayan gyaran lokaci. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai zagaye sama da 160, to kuskuren minti ɗaya idan aka raba shi a kansu bai kai rabin daƙiƙa ba a kowane zagaye. Na samu kwana 0.3336, daidai da abin da ke rubuce.

Wata biyu ba za su nuna canjin zagaye ba, sai an jera su da lokutan da wasu suka tara tun farkon ƙarnin da ya wuce. V1309 Scorpii ya fashe a 2008, sai daga baya aka koma bayanan shirin OGLE na masanan Poland aka ga taurari biyu ne masu haɗe da jiki, zagayensu na kusan kwana 1.4 yana ta raguwa shekaru kafin su haɗe. Ba don an yi ta aunawa ana ajiyewa ba, da ba a san abin da ya fashe ba. Na yi rajista da AAVSO, na tura awon dararen da na amince da su ƙarƙashin alamar TG, wadda ake sa wa koren sashe na kyamara.

Asabar, 29 ga Maris

Gajimare ya fara taruwa da yamma, damina ta kusa. Kuɗin da aikin ya ci, har da katin ajiyar hoto na 9,000 da wayar da ta ƙi aiki, naira 133,000, ban da data.

Bayan salla, idan Afrilu ya ba da dare ko biyu, zan gwada AW Ursae Majoris. Zagayensa kwana 0.4387, yana hawa har digiri 70 a nan, amma saukar haskensa kusan 0.3 ce kawai, zai nuna mini iyakar kayana. CC Comae, mai zagayen kwana 0.22, wanda ke bakin iyakar da ba a cika samun irin waɗannan taurari ƙasa da ita ba, ya yi wa gilashina duhu, sai da madubin hangen nesa. Cikin damina zan canza notin da lanƙwasasshe don a daina mai da shi kowane minti ashirin, mai walda ya ce zai iya lanƙwasa shi a kan da'irar da zan zana masa. Nuwamba kuma YY Eridani, zagaye kwana 0.3215, wanda ke kudu kaɗan da tsakiyar sama, nesa da hazon arewa da fitilar maƙwabci. Ɗalibai huɗu sun ba da suna don su taya ni, amma sai na samu izinin iyayensu tukuna.